Wayar da Na Saya da Kuɗina, Wa Ke da Iko da Ita?

Ranka ya daɗe Edita,

Shekara uku ke nan da sayen wayata. Batirinta lafiya lau, allonta ko tsaga babu, amma kamfanin ya daina turo mata sabuntawar tsaro. Ga manhajoji har bakwai da ta zo da su, sun cinye wuri, kuma sun ƙi goguwa. Na kai wa mai gyara a kasuwa ya sa mini LineageOS, wata babbar manhaja mai tafiyar da waya da ake sawa a madadin ta kamfani. Ya jujjuya ta, ya ce kamfanin ya kulle ƙofar da ake canza babbar manhajar.

Abin da ciwo, domin tushen Android, babbar manhajar da wayata ke aiki da ita, a buɗe yake, an gina shi kan Linux, wata buɗaɗɗiyar manhajar kwamfuta, kowa na iya dubawa ya gyara. Kulle-kullen daga baya ake ɗora su. A 2024 dokar Tarayyar Turai ta tilasta wa Apple barin wasu shagunan manhaja su shiga iPhone a can. Ashe in hukuma ta tsaya, ana buɗewa.

Ina roƙon hukumar NCC, wadda ke tantance wayoyi kafin a sayar da su a Najeriya, ta wajabta wa kamfanoni rubuta shekarun sabuntawa a jikin kwali, su kuma bar mai waya ya buɗe kayarsa.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano