Littafin bashinmu da sabon tsarin harajin intanet

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili in yi magana a kan abin da ke hana ƙananan 'yan kasuwa irinmu barci tun da sababbin dokokin haraji suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Ni ke riƙe da littafin shagon mahaifina a Kantin Kwari, inda muke sayar da atamfa da shadda, don haka abin da na gani da idona zan faɗa.

Na karanta abin da na samu game da dokokin nan huɗu da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, kuma gaskiya akwai sassauci a ciki. Naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara ba haraji a kansu. An ɗaga iyakar cinikin da ke sa a yafe wa ƙaramin kamfani harajin riba sama da Naira miliyan 25 na tsohuwar doka. Harajin VAT, wanda ake biya a kan sayen kaya, bai ƙaru ba, yana nan a kashi 7.5 cikin ɗari. Duk wannan na yaba. Sai dai sassaucin nan ba ya zuwa wa mutum da kansa. Wanda ya iya nuna lissafinsa a rubuce shi ke cin moriyarsa, wanda kuma ba shi da rubutu, doka ta ba jami'i damar yi masa ƙiyasi. To a nan gizo ke saƙar.

Masu tsara waɗannan abubuwa a Abuja kamar sun ɗauka ba ma rubuta komai. Muna rubutawa ƙwarai. Mahaifina yana da littattafai na sama da shekara ashirin, wasu da ajami, wasu da boko, kuma a cikinsu zai nuna maka wanda ya ɗauki dila a kan bashi daga Maraɗi, da ranar da ya kawo rabi, da abin da ya rage. Ba a taɓa samun saɓanin ko sisi tsakaninsa da abokan cinikinsa a kan littafin nan ba. Matsalar ita ce tsarin da ake ginawa yanzu bai san da wannan littafi ba. Abin da ya sani shi ne lambar NIN, wadda ta zama lambar haraji ta mutum, da lambar da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ke bai wa kamfani, da kuɗin da suka shiga asusun banki.

Kuɗin asusun nan su ne babbar fargabata. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin Naira, kusan duk cinikinmu ya koma tiransifa da POS. Amma ba duk abin da ya faɗa asusun ɗan kasuwa ne nasa ba. Baƙo daga Zinder ko Njamena zai turo mana kuɗi masu yawa, ya ce a haɗa masa kaya daga shago biyar ko shida. Namu a ciki bai fi kashi ɗaya ba, sauran mu rarraba wa maƙwabta kafin la'asar. Dillalin hatsi a Dawanau haka yake, miliyoyi su bi ta asusunsa alhali la'adarsa kaɗan ce. Ga kuɗin adashi, ga na ɗan'uwa da ya ce a ajiye masa, ga bashin bara da aka biya bana. Wanda ya kalli alat kawai zai ce attajiri ne ke zaune a shagon. Doka dai riba take caja, ba uwar kuɗi ba, amma wa zai rarrabe riba da amana idan babu rubutun da hukuma ta yarda da shi?

Kuma abin yana gangarowa. An fara tsarin rasit na intanet da manyan kamfanoni masu cinikin Naira biliyan 5 zuwa sama a watan Agustan 2025, da niyyar ya iso matsakaita da ƙanana daga baya. Tun kafin ya iso, duk wanda ke kai wa babban kamfani kaya zai fara jin ana tambayarsa rasit mai tsari, don kamfanin ma yana da lissafin da zai miƙa.

Akwai kuma ruɗanin da ya kamata a warware. Yawancinmu ba kamfanoni ba ne, mutum ne da shagonsa da yaransa, don haka harajin kuɗin shigarmu na hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ne, ba na hukumar haraji ta tarayya, wato NRS da ta maye gurbin FIRS, ba. A layinmu kaɗan ne suka san wannan bambanci. Shi ya sa jita-jita ke cin kasuwa, har wasu suka koma karɓar tsabar kuɗi kawai don tsoron a cire musu haraji daga asusu. Kada a manta, mutanen da kakanninsu suka sha wuyar haraji da jangali, har gwamnatin Abubakar Rimi ta soke su a 1979, ba za su ji kalmar haraji su natsu da sauƙi ba. Sai an zauna da su an yi musu bayani da harshensu.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin hukuma ba. A yi manhajar rubuta ciniki da Hausa, mai sauƙi kamar littafinmu, wadda ke da gurbin bashi da gurbin kuɗin amana, kuma tana aiki ko babu data, ta aika bayani idan sabis ya dawo. A tuna da masu ƙaramar waya, a ba su lambar dannawa irin ta duba kuɗi a banki. Kafin nan kuma, a karɓi hoton littafin ɗan kasuwa a matsayin shaida, ko da ajami aka rubuta shi. A buɗe teburin taimako a cikin kasuwanni tare da shugabannin ƙungiyoyinmu, kyauta, don kada a bar mu a hannun masu shagon kwamfuta da za su caje mu kuɗin cike fom fiye da harajin kansa. Kuma a yi shekarar farko ta koyarwa ba ta cin tara ba.

Mu ma akwai namu. Na shawo kan mahaifina mun buɗe asusu daban don shago, kuɗin cefane da na makarantar yara sun daina cakuɗuwa da na kaya, kuma duk dare ina kwafe cinikin yini a waya. Ya ɗauke ni wata uku kafin ya yarda.

Ranar 31 ga Maris ce wa'adin da mutum ke miƙa bayanin kuɗin shigarsa na shekara. Ina roƙon jaridarku ta gayyato jami'in hukumar jiha da na tarayya, ku tambaye su ƙarara yadda dillali zai nuna cewa kuɗin da suka bi ta asusunsa ba nasa ba ne, ku buga mana amsar da Hausa kafin ranar ta zo.

Naku,
Wani mai karatu daga Fagge, Kano