Wasiƙa Zuwa ga Aminina: Yadda Muke Matse Ilektiron Su Ba da Haske

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ka yi min ƙorafi cewa kullum sai in ce maka "muna matse ilektiron", ban taɓa zama na warware maka zancen ba. To, yau ga shi.

Ilektiron su ne ƙananan ƙwayoyin nan masu caji da ke ɗauke da wutar lantarki. Duk ilektiron ɗin da ke gudu daf da saurin haske, in ka lanƙwasa masa hanya da maganaɗisu, sai ya fitar da haske. An fara ganin hakan da ido a 1947, a ɗakin binciken General Electric da ke Schenectady a Amurka. A lokacin asara aka ɗauke shi, don ƙarfin ilektiron ɗin ne ke zurarewa. Yau kuwa saboda wannan hasken aka gina European XFEL, wata katafariyar na'urar leza mai fitar da hasken eksire, a Hambug ta Jamus, mai tsawon kilomita 3.4, wadda ta fara aiki a 2017.

Sa su gudu ba shi ne abin wahala ba, sa su bin tsari shi ne aiki. Mutum dubu in suna tafi kowa da lokacinsa, hayaniya kawai za ka ji. In hannuwansu suka sauka lokaci guda, har ƙirjinka sai ya amsa. Ilektiron dubu a warwatse haskensu ninki dubu ne na guda ɗaya, amma in sun dunƙule a wuri da bai kai tsawon zangon hasken ba, wato tazarar da ke tsakanin igiyar haske ɗaya da mai bi mata, ya zama ninki miliyan. Ga shi kuma ba sa ƙaunar juna, cajinsu iri ɗaya ne, kowa ture ɗan'uwansa yake yi.

Nan ne dabarar da ta fi burge ni. Tunda kusan duk gudunsu ɗaya, na baya ba zai kamo na gaba da sauri ba. Sai a bambanta musu ƙarfi tun a cikin na'urar hanzartawa: na gaba a rage musu, na baya a ƙara musu. Daga nan a bi da su ta cikin maganaɗisu huɗu da ke kauce da su gefe su dawo da su kan layi. Mai ƙaramin ƙarfi ya fi lanƙwasuwa, sai ya yi dogon zagaye. Mai ƙarfi ya yanke hanya. Kafin su fito, wutsiya ta cimma kai, dunƙulen ya gajarce. In ka cika matsewa kuma, hasken da na baya ke fitarwa a kwana sai ya dagula na gaba, aikin ya lalace. Rabin gardamarmu a wurin aiki a kan wannan iyakar take.

Sauran aikin su da kansu suke yi. Ana shigar da su dogon layin maganaɗisu masu fuskantar saɓani bi da bi, suna tafiya suna karkaɗawa. Hasken da suka fitar shi ke juyowa ya jera su sahu-sahu, sahun ya ƙara wa hasken ƙarfi, hasken ya ƙara gyara sahun. John Madey ne ya kawo tunanin irin wannan leza a 1971 a Jami'ar Stanford, amma sai a 2009 na'urar LCLS ta Kalifoniya ta kai shi ga hasken eksire mai ƙarfi.

Hasken yana fitowa ne walƙiya-walƙiya, kowace walƙiya kan ɗauki 'yan femtosakan ne kawai. Femtosakan ɗaya kuwa shi ne kashi ɗaya cikin miliyan sau biliyan na daƙiƙa. Ana haska ƙwayar furotin da ita, hoton ya fita kafin ƙwayar ta tarwatse, don tarwatsewa kam ba makawa.

In wani wuri ya shige maka duhu, ka rubuto min, musamman zancen maganaɗisu huɗun, ya fi sauƙi da zane. Ka gaida mutanen gida da yara.

Naka,
Amininka