Wasiƙa zuwa ga abokina: dokin mai baki ya fi gudu

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Mu ma nan sai godiya. Wasiƙarka ta iso tun makon jiya, na karanta ta sau biyu, na farko ina dariya, na biyu ina girgiza kai. Shafi kusan uku, amma labarin iyali layi biyu ne kacal, sauran duk zagin wani mahayi ne da ka ce ya kashe maka doki a kwanar ƙarshe. Ashe har yanzu kana nan da halinka. Dokin mai baki ya fi gudu, in ji masu iya magana, kuma a iya sanina da kai ba ka taɓa sa ƙafa a likkafa ba.

Bari in fara da gwanin naka. Ka ce ba a taɓa yin mahayi kamar Frankie Dettori ba, hujjarka kuwa ranar 28 ga Satumba 1996 a filin sukuwa na Ascot da ke Ingila, ranar da aka yi sukuwa bakwai ya cinye duka bakwai ɗin. Ban yi maka musu ba, abin ya faru. Amma ka manta ka faɗi irin dawakin da ya hau. Huɗu daga cikinsu na bargar Godolphin ne, ta Sheikh Mohammed na Dubai, kuma ɗaya shi ne Mark of Esteem, wanda tun farkon wannan shekarar ya riga ya nuna kansa. Inda na sara masa shi ne a ta bakwai. Fujiyama Crest ba wani shahararren doki ba ne, ga shi shi ya fi kowa nauyin kaya, ga tazara mil biyu. Dettori ya fito da shi gaba tun farko, ya riƙa auna masa gudu kamar mai awon hatsi da mudu, har ya kai shi layi da tazarar wuyan doki, mahayi Pat Eddery na binsa kamar zai haɗiye shi. Wannan kam aikin mahayi ne.

Sai dai ga tambayata: wannan Dettori ɗin, sau nawa ya gwada Derby ta Epsom, babbar sukuwar nan ta Ingila, kafin ya ci? Sai a karo na 15, a 2007, a kan Authorized. Lester Piggott kuwa yana ɗan shekara 18 ya ci tasa ta farko, a 1954, kuma kafin ya ajiye bulala sau tara ya ɗauke ta. Mutum ne dogo a cikin mahaya, tsawonsa ya kai mita 1.73, ya yi shekaru yana horar da cikinsa da yunwa don kada ya yi wa doki nauyi. Ya bar hawa, ya sha ɗauri a kan haraji, ya fito, ya dawo a 1990 yana da shekara 54, bai cika mako biyu da dawowa ba ya je Amurka ya ci babbar sukuwa a kan Royal Academy. Ka kawo mini na biyunsa.

Na ambaci Epsom da gangan, don a nan ni da kai muka raba hanya. Kai Ascot ce taka, na kuma san dalili: ado, sarauniya da sarki cikin keken doki, manyan huluna, da tarihin da ya faro tun 1711. Ni duk wannan bai dame ni ba. Epsom fili ne da in yau aka ce wani ya zana irinsa, za a ce ya zautu. Tazarar Derby mil ɗaya da rabi ce, kusan mita 2,400. Da an buɗe ƙofa dawaki hawa suke fara yi, tudu mai tsawon kusan mita 40. Suna kai wa ƙololuwa sai gangara, kuma gangarar tana lanƙwasa hagu har zuwa kwanar Tattenham. Bayan kwanar, miƙaƙƙiyar hanyar ma ba a daidaice take ba, ta karkata wajen shingen ciki, sai ka ga dokin da ya gaji yana zamewa can ko mahayi bai so ba. Ga su duka duƙusai 'yan shekara uku, yawancinsu ba su taɓa ganin taro irin wannan ba. Wanda ya saki linzami a kan tudu, dokinsa zai ƙare kafin layi. Wanda ya riƙe fiye da kima, zai iske an rufe masa hanya. Tun 1780 ake wannan sukuwa, kuma har yau filin bai daina kunyata manya ba.

Wanda ya fi shan kunyar shi ne Greville Starkey, a 1986. Dancing Brave ya hau, dokin Yarima Khalid Abdullah, wanda kowa ya yarda shi ne zakaran shekarar. Da suka zo kwanar Tattenham yana can kusan ƙarshen ayari. Da hanya ta miƙe sai dokin ya taso ta waje kamar an harbo kibiya, yana wuce su ɗaya bayan ɗaya, amma layi ya riga shi: wani doki, Shahrastani, ya tsira da rabin tsawon doki. Har Starkey ya koma ga Mahaliccinsa ana yi masa gorin wannan rana. Na kalli hoton sukuwar nan ya fi a ƙirga, kuma kullum ina canza ra'ayi. Wata rana in ce ya yi barci. Wata rana in lura cewa gudun farko ya yi sanyi, dawaki sun cunkushe, dokin kuma bai ji daɗin gangarar ba, sai da ya ɗauki lokaci kafin ƙafafunsa su daidaita. Mu da ke zaune muna iya mayar da hoto baya sau goma. Shi kuwa daƙiƙa ɗaya gare shi, a tsugune kan likkafa, dabba mai nauyin kusan rabin tan tana gudun kilomita 60 a awa a ƙarƙashinsa.

Ba wai mahayi ba ya kuskure ba. Bill Shoemaker, wanda ya ci sukuwa 8,833 a rayuwarsa, ya taɓa miƙewa tsaye a kan Gallant Man a Derby ta Kentucky, a Amurka, a 1957, yana zaton ya kai layi alhali da saura, Iron Liege ya wuce shi da ƙiris. Wannan laifi ne ƙuru-ƙuru. Mahayi yana iya zubar da sukuwar da doki ya riga ya ci, amma ba shi da ƙafar da zai ara wa doki. Dubi Frankel: sau 14 ya fito tsakanin 2010 da 2012, sau 14 ya ci, duk Tom Queally ne a kansa, kuma ba wanda ya taɓa sa Queally a sahun su Piggott. A Ascot ɗinka ma, a 2011, ya sake shi da wuri har mutane suka riƙe baki, dokin ne ya fitar da shi kunya.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan doguwar takarda. A ƙasan shafi na biyu ka rubuta cewa “ɗan abu kaɗan” ka saka a waya, don kallon ya yi armashi. Malam, a nan na gane inda zafin nan ya fito. Da can in doki ya zo na biyu kai ne mai cewa ya yi ƙoƙari. Yanzu ka koma cewa mahayi ya sayar da sukuwa. Kuɗinka ne ke kallo, ba idonka ba.

Hukuncin caca ka san shi, ka ma fi ni sani, ba zan yi maka wa'azi ba. Lissafi kawai zan yi maka. A ce dawaki biyu ne, ƙarfinsu ɗaya. Adalci shi ne ka saka goma, in ka ci a ba ka ashirin. Kamfanin caca sha tara zai ba ka, ko ƙasa da haka, kuma haka yake yi wa wanda ya zaɓi ɗaya dokin. Ko wanne ya ci, shi ya riga ya yanki nasa. Inda ake tara kuɗin kowa a tukunya ɗaya a raba wa waɗanda suka ci, kamar a Faransa da Amurka, can ma sai an ɗebi kason gida kafin a raba. Dokin da aka fi sa wa rai kuwa, wajen sau ɗaya cikin uku yake ci. Na san za ka kawo mini ranar Dettori, da aka ce wanda ya haɗa bakwai ɗin duka, fam ɗayansa ya haifi fam 25,051. Gaskiya ne, kamfanonin sun ji jiki ranar. Amma kusan shekara talatin ke nan ana ba da wannan labari ɗaya, kuma su kamfanonin ne suka fi kowa son a riƙa ba da shi. Haka Rich Strike a Kentucky a 2022, dokin da sai ana gobe sukuwa ya samu gurbi, aka sa masa 80 a kan 1, wato in ya ci kowane ɗaya da aka saka ya haifi 80, Sonny Leon ya ratsa da shi ta cikin ayari ya bi jikin shinge ya ci. Wanda bai saka ko sisi ba ya ga hawa mai kyau. Wanda ya saka a kan Epicenter, dokin da aka fi sa wa rai, takaici kawai ya gani.

Kuma kada ka ce sukuwa ba ta tsayuwa sai da caca. A Riyad, kofin Saudiyya da aka fara a 2020 ladansa dala miliyan 20 ne, babu irinsa a duniya, kuma babu tagar caca a filin. Na yarda filin ba shi da tudu da gangara irin na Epsom, shimfiɗe yake kamar tabarma, don haka bai shiga raina sosai ba, amma mutane suna cika shi.

Ga aikin da zan ba ka. Ka nemi hoton Derby ta 1986, ka kalle shi da sauti a kashe, ka tsayar da shi a daidai inda kake ganin ya kamata Starkey ya motsa, ka rubuto mini ta wace kafa zai bi. Ni na nema sau da yawa, tsakanin tudu da kwana ban ga wata kafa a buɗe ba, amma wataƙila idonka ya fi nawa.

Ka gaida uwargida, ka shafa mini kan yara. A wasiƙa ta gaba ina son labarinsu ya wuce layi biyu.

Naka har kullum,
Abokinka