Amsa ga Goggo kan madarar gwangwani

Goggo, ina gaisuwa da fatan alheri. Ranar sunan jikarki a Mai Wurno, nan jihar Sinnar ta Sudan, kin tambaye ni a gaban mata: tunda gwangwanin madarar jarirai ta gari a rufe yake tun daga kamfani, me zai hana a dama ta da ruwan randa? Hayaniyar suna ta hana ni ba ki amsa, kuma na ga mata da yawa suna gyaɗa kai, shi ya sa na rubuto a fili.

Rufin gwangwani ba ya nufin babu ƙwayar cuta a cikin garin. Akwai wadda ake kira Cronobacter, tana iya daɗewa a busasshen gari, in ta samu ruwa mai ɗumi sai ta hayayyafa. A jikin bakwaini ko jaririn da bai kai wata biyu ba, takan shiga jini ko ta zama sanƙarau. Ga kuma Salmonella mai kawo gudawa da zazzaɓi. A 2017 ita aka samu a masana'antar madara ta kamfanin Lactalis da ke garin Craon a Faransa, aka janye madarar daga ƙasashe da dama, har da Sudan ɗinmu. Gwangwanayen nan ma a rufe suke.

Don haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a tafasa ruwa, a dama garin tun zafin ruwan bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, wato kada ya wuce rabin awa da saukewa. Sai a tsoma fida a ruwan sanyi, a ɗiga a wuyan hannu a ji ta huce.

Na san gawayi ya yi tsada tun da yaƙi ya ɓarke a 2023, na kuma san zubar da ragowar madara yana da ciwo. Amma Goggo, a zafin Sinnar, ga wuta ba tabbas, abin da ya kai awa biyu da damawa a zubar. Gara a riƙa dama kaɗan-kaɗan. In wanke fida ya gagara, ƙaramin kofi ya fi sauƙin tsabtacewa. In kuwa nonon uwar yana zuwa, ki taimake ni ki ƙarfafa ta a kai.

Idan yarinyar ta ƙi sha, jikinta ya yi zafi ko ya saki, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a kai ta asibiti ko cikin dare ne. Ki gaishe min da mai jego.

'Yarki, ungozoma.