Mai zuwa Gambiya ya riƙe kuɗi a hannu

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in ja hankalin 'yan'uwa masu shirin zuwa Gambiya. Kuɗinsu sunansa dalasi, tun 1971 suke kashe shi, butut 100 ne dalasi ɗaya. Sunan ma sai da ya tuna min da dalar da kakanninmu suke ƙirge da ita.

Kafin in tashi na zaga wajen 'yan canji a Zone 4 nan Abuja neman dalasi ban samu ba, wani dattijo ya ce min yaro riƙe dalar Amurka kawai, in ka sauka ka canza, wallahi shawararsa ce ta cece ni don a Banjul na saka katina a ATM har sau uku bai ba ni ko sisi ba ga mai tasi tsaye yana jirana.

Babbar takardarsu ta 200 ce, hotunan tsuntsaye ne a jikin sababbin, masu kyau sosai. Amma ka nemi 'yan 10 da 20, domin a kasuwar Serekunda mai gyaɗa ba ta da canjin 200. Ragowar kuma ka canza tun can kafin ka hau jirgi.

Naka,
Mai karatu daga Wuse, Abuja