Barka da Sallah daga Abyei

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Barkanmu da Sallah, Allah Ya maimaita mana. Da fatan an yi layya lafiya, kuma kuɗin ragon ya iso hannun Yaya kafin kasuwa ta yi tsada. Mu ma mun yi idi a cikin sansaninmu a nan Abyei, yankin da ke tsakanin Sudan da Sudan ta Kudu, sahu ɗaya da sojojin Pakistan da na Bangaladesh. Damina ta kankama, Larabawa makiyaya 'yan ƙabilar Misiriya sun fara komawa arewa da shanunsu.

Baba, ka ce in ba ka labarin aikin, tunda kai ma ka ɗanɗana zaman Laberiya. Rundunar nan ta kiyaye zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya an kafa ta a 2011, Habasha ce ke riƙe da ita har 2022. Yanzu ga mu 'yan Najeriya, ga Gana, ga Indiya da Nefal, ga injiniyoyin Biyetnam masu gyaran hanya. Turanci kowa na taɓawa. Inda gizo ke saƙa shi ne yadda aka raini kowa.

Mu dai in babba na magana, kame baki ake yi. To akwai wani hafsa na wata ƙasa, in ya gama bayanin sintiri sai ya tsaya yana jiran a kushe masa shirin. Direbobinmu sun san akwai fadamar da mota ba ta ƙetarewa bayan ruwa, amma wa zai gyara wa babba zance a bainar jama'a? Shi kuma da ya ji shiru sai ya ɗauka komai lafiya. Ranar a laka aka kwana, ana janyo mota ga sauro. Wallahi abin ya dame ni, don kowa cikinsu gani yake ya kyauta. Yanzu mutumin ya gane. Kafin a fita yakan ja kofur gefe, su sha shayi, a nan yake jin gaskiya. Ni wannan ya burge ni fiye da anininsa.

Wasu kuma ba sa motsi sai umarni ya zo a rubuce, wasu sai an ji daga babban birninsu. Ba tsoro ba ne, tsarinsu ke nan, amma jiran yana cin rai in ana neman ɗauki a ƙauye.

Inna, don Allah a ajiye min soyayyen nama a kwalla. A gaida Goggo da yara, a ci gaba da sa mu a addu'a.

Ɗanku.