Gudumar fasa kankare ta cinye mini famfon katafila

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in faɗa wa 'yan uwana masu katafila abin da ya same ni, don na ga wasu biyu a nan Maradi sun kama hanyar da na bi.

Ina da JCB 3CX, irin wadda ke da cebur a gaba da hannun haƙa a baya, na saye ta kwance. Shekara shida tana ciyar da gidana da haƙar fandisho da lodin yashi a bakin Gulbi. Bara, kafin damina, aka ba ni aikin fasa tsohuwar magudanar ruwa ta kankare a unguwar Zariya. Cokalin haƙa ba ya cin kankare mai rodi a ciki. Leburori shida da diga suka yi kwana uku, abin da suka fasa bai kai tsawon kamyo ɗaya ba, hannuwansu duk sun yi kanta. Sai na bi ta Dan Isa na shiga Kano, na sayo gudumar nan da ake ɗaura wa hannun katafila, mai aiki da man haidrolik.

Kuskurena na farko kwaɗayi. Na ga ƙarama na ga babba, bambancin kuɗin ba yawa, na ɗauki babbar. Ashe wajen kilo 900 ce, ta manyan injunan haƙa masu tan 13 ko fiye. Tawa ba ta wuce tan 8 ba, abin da ya dace da ita guduma ce ta kilo 300 zuwa 400. Ranar da muka ɗaura ta, da shofer ya miƙa hannun, sai da ƙafafun gaba suka yi sama kamar ɗan akuya.

Na biyu shi ya fi yi mini ciwo. Makanikena, mutumin kirki ne amma bai taɓa haɗa irinta ba, ya jawo mai daga tiyon da ke juya cokali. Guduma tana son layinta na kanta: tiyo ɗaya mai kawo mai, da wani mai faɗi da zai mayar da shi tanki ta cikin abin tace mai ba tare da ya ratsa bawul-bawul ba. Idan hanyar komawa ta matse, man sai ya yi ta dahuwa. Ga shi a watan Afrilu ne, rana ta haura digiri 40. Kafin azahar ba ka iya ɗora tafin hannu a kan tankin. Na ɗiga man a yatsa, ya tsinke kamar ruwan shayi. Kwana na huɗu robobin silinda suka fara zuba, na biyar famfon haidrolik ya yi wani kuka ya mutu. Kuɗin sabon famfo ya fi ribar kwangilar gaba ɗaya.

Wani dattijo a unguwarmu, da ya yi shekaru yana tuƙa injuna a ma'adinan Arlit, shi ya zo ya tsaya ya dubi ɓarnar. Ya ce, "Ɗana, ka karanta farantin da ke jikin gudumar?" Ban ma san da shi ba. Ya goge ƙura da hularsa, sai ga lita nawa take sha a minti da ƙarfin matsin da take so, duk a rubuce. Shi ya koya wa shofer ɗina ya dasa bakin a tsaye cak, ya danna shi da nauyin injin kafin ya buga, kada ya wuce daƙiƙa 15 a wuri ɗaya, ya fara daga gefe. Kada ya buga a iska, kada ya yi ɓanɓare da bakin kamar yana riƙe da sandar ƙarfe. Giris kuma duk awa biyu, don ƙurar garin nan tana cin ƙarfe.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami dai shi ne maganar iska. A kan gudumar akwai ɗakin da ake cika wa iskar naitrojin, wadda masu Faransanci ke ce wa azot. Da ƙarfin bugun tawa ya ragu, wani mai walda ya ce in kawo ya ɗura mini daga tulunsa na oksijin, wai duk iska iska ce. Allah ya sa dattijon nan yana wurin ya daka masa tsawa. Oksijin idan ya haɗu da mai cikin matsi, fashewa yake yi. Ina roƙon makarantun koyon sana'a na jiharmu su sa wannan cikin karatun makanikai, masu walda kuma su daina wannan tayin.

Na sayar da babbar da asara, na sayo mai kilo 350, aka ja mata layinta. Ragowar magudanar kwana biyu da rabi ta ɗauke mu. Biyu daga cikin leburorin nan na riƙe su, su ke yanke rodi suna kwashe ɓaraguzai.

Naka,
Mai katafila, unguwar Zariya, Maradi